Tsohuwar Mota da Sabuwa a Ma'aunin Ilmin Halittu: Porsche 911 ta 1964 da ta 2020

Gabatarwa

A watan Satumba na shekarar 1963, a bikin baje kolin motoci na birnin Frankfurt da ke ƙasar Jamus, kamfanin Porsche ya gabatar da wata 'yar gajeriyar mota mai ƙofa biyu, wadda ya raɗa wa suna 901. Ba a daɗe ba sai kamfanin Peugeot na Faransa, wato Fijo, ya kai kuka, domin a ƙasarsa shi yake da ikon sanya wa mota suna da lamba uku masu sifiri a tsakiya, kamar yadda aka sani a 404 da 504. Don haka sai aka cire sifirin aka sa ɗaya a gurbinsa, motar ta koma 911, aka kuma fara ƙera ta don sayarwa a 1964. Tun daga lokacin ba a daina ƙera ta ba, har aka fitar da ta miliyan ɗaya a watan Mayu na 2017.

Wannan daɗewa ita ta sa motar ta dace da nazari. Idan aka gwada motocin kamfanoni daban-daban, da wuya a rarrabe bambancin da zamani ya kawo da wanda ɗabi'ar kamfani ta kawo. Amma a nan gida ɗaya ne, suna ɗaya ne, injin ma yana zaune a wuri ɗaya, wato a baya. Saboda haka a wannan darasi za a jera 911 ta 1964 da jikanyarta 911 Turbo S ta 2020, a dube su da idon ɗalibin ilmin halittu: yadda suke numfashi, da yadda suke fitar da zafi, da yadda saƙo yake yawo a cikinsu, da abin da suke yi wa jikin mutumin da ya shiga, da na wanda yake tsaye a bakin hanya.

Abin da Alƙaluma Suka Nuna

Tsohuwar motar tana da inji mai silinda shida, wanda cikinsa ya kusa lita 2, yana kuma ba da ƙarfin doki 130. Nauyinta wajen kilo 1,080 ne. Daga tsaye takan kai gudun kilomita 100 a awa cikin kimanin sakan 9, ƙarshen gudunta kuwa wajen kilomita 210 a awa.

Sabuwar ita ma silinda shida gare ta, amma cikin injin ya kai lita 3.7, ƙarfinsa doki 650, wato ninki biyar na na kakarta. Nauyinta kilo 1,640. Tana kai kilomita 100 a awa cikin sakan 2.7, ƙarshen gudunta kuma kilomita 330 a awa. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Idan aka raba nauyi da ƙarfi, za a ga kowane doki ɗaya a tsohuwar motar yana jan fiye da kilo 8, a sabuwar kuwa kilo 2 da rabi kacal. Akwai kuma wani lissafi da ya fi wannan ban mamaki. Dutsen da aka saki daga sama, idan ba a yi la'akari da turjiyar iska ba, yakan kai gudun kilomita 100 a awa cikin sakan 2.8. Ke nan sabuwar motar tana ƙara gudu a kan shimfiɗaɗɗen titi fiye da yadda dutse yake ƙarawa a lokacin da yake faɗowa, kuma direba yakan ji an danna shi a jikin kujera da ƙarfin da ya kai nauyin jikinsa.

Numfashi da Ƙona Abinci

Kowane ɗalibin sakandare ya san cewa ƙwayoyin halittar jiki suna haɗa sukarin gulukos da iskar oksijin, su fitar da kuzari da ruwa da iskar kabon-dayoksaid. Injin mota ma abin da yake yi ke nan da fetur. Bambancin yana wajen sauri. Jiki yana ƙona abincinsa a hankali, mataki bayan mataki, da taimakon sinadaran enzayim, a zafin da bai wuce digiri 37 ba. Inji kuwa yana ƙona nasa farat ɗaya, da tartsatsin fulogi, a cikin silinda.

A duk biyun, iska ita ce iyaka. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone sarai, yana buƙatar kilo 14.7 na iska. Idan aka lissafa, lita ɗaya ta fetur tana cin iska wajen lita 9,000, abin da ya yi kusa da iskar da baligi yake shaƙa cikin yini da kwana idan yana zaune ba ya aikin ƙarfi. Don haka duk mai son inji ya ƙara ƙarfi, tilas ya nemo hanyar shigar masa da ƙarin iska, kamar yadda ɗan tsere ba ya wuce abin da huhunsa da zuciyarsa za su iya kai wa tsokokinsa na oksijin.

Injin 1964 yana zuƙar iska ne da kansa. Idan fistin ya yi ƙasa, sai fili ya buɗe a cikin silinda, iskar waje ta kwararo ta cike shi. Haka huhu yake cika idan tantanin da ya raba ƙirji da ciki ya yi ƙasa. A kan hanyarta iskar takan ratsa kafireta, inda take jan fetur ta wani ɗan siririn rami. Injin 2020 kuwa ɗura ake yi masa. Yana da na'urar turbo guda biyu, kowace ɗaya farfela biyu ce a kan sanda ɗaya: hayaƙin da yake fita shi yake juya ta farko, ta biyun kuma tana matsa sabuwar iska tana cusawa cikin silinda. Fetur ɗin ma ba ta kafireta yake bi ba, ana fesa shi ne kai tsaye cikin silinda gwargwadon abin da kwamfuta ta auna. Sakamakon haka, kowace lita ta tsohon inji tana ba da doki 65, ta sabon kuwa fiye da 170.

Zafi da Hanyar Fitar da Shi

Tsoka da inji suna da aibi iri ɗaya, wato mafi yawan kuzarin da suka samu daga abinci yakan zama zafi. Abin da tsoka take mayarwa aiki bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, na injin fetur ma yakan tsaya a wajajen kashi ɗaya cikin uku. Ragowar dole a fitar da shi, in ba haka ba mutum ya faɗi, inji kuma ya ƙone.

Tsohuwar 911 ba ta da lagireto, ba a kuma zuba mata ruwa. An yi wa jikin silindojinta haƙarƙarin ƙarfe sirara jere-jere, irin waɗanda ake gani a injin babur, sa'an nan wata babbar fanka tana hura musu iska, baƙin mai kuma yana ɗauke wani kaso na zafin. Amfanin haƙarƙarin shi ne faɗaɗa fuskar da take gogayya da iska. Wannan ita ce dabarar da ake karantawa a darasin ƙananan jakunkunan huhu da 'yan yatsun bangon hanji: a cusa fuska mai faɗi a cikin ƙaramin wuri. Ba a nan aka fara wannan tsari ba, domin Ferdinand Porsche, kakan wanda ya zana siffar 911, shi ne ya tsara Volkswagen Beetle mai kama da kunkuru, wadda ita ma injinta yana baya, iska ce kuma take sanyaya shi.

To amma iska ba ta da ƙarfin ɗaukar zafi. Kilo ɗaya na ruwa yana ɗaukar zafi ninki huɗu na abin da kilo ɗaya na iska zai ɗauka. Da ƙarfin inji ya yi ta ƙaruwa, dokokin hayaƙi da na ƙara suka kuma tsananta, sai iska ta kasa. A 1997 kamfanin ya fito da 911 ta farko mai amfani da ruwa, a 1998 kuma aka ƙera ta ƙarshe mai iska. A sabon tsarin, famfo yana zagaya da ruwa ta cikin jikin inji ya kwaso zafi, ya kai shi lagireto a gaban mota, iska ta ɗauke, ruwan ya komo. Wanda ya fahimci kunnen giwa ya fahimci wannan. Jini yana kwaso zafi daga can cikin jikinta ya kai shi kunnuwa masu faɗi da yawan jijiyoyi, ta kaɗa su, jinin ya huce ya koma. Zuciya ita ce famfo, kunne shi ne lagireto. Akwai kuma wani ɗan makulli mai jin zafi da yake hana ruwa zuwa lagireto har sai inji ya ɗumama, aikin da wani ɗan sashe a gindin ƙwaƙwalwa yake yi wajen tsayar da zafin jikin mutum a matsayi ɗaya.

Jijiyoyin Saƙo

A tsohuwar motar, duk wani ji da tunani yana jikin direba. Shi ne ido, shi ne kunne, shi ne ƙwaƙwalwa. Motar kuma tana da wani hali da ya sa aka san ta da wuyar sha'ani. Da yake injin yana bayan tayoyin baya, wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyinta yana kansu. Wanda ya taɓa jefa guduma ya san kan ne yake son shiga gaba. Idan direba ya shiga kwana da gudu, ya tsorata ya ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya, sai nauyi ya koma gaba, tayoyin baya su saki ƙasa, bayan motar ya nemi wuce gabanta. A shekarun farko har guntayen ƙarfe masu nauyi aka riƙa ɓoyewa a cikin bambar gaba don rage wannan, a 1968 kuma aka ƙara tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya.

Sabuwar motar ta gaji wannan zama na inji, amma an yi mata jijiyoyi nata na kanta. A kowace taya akwai na'urar da take ƙidaya juyawarta. Akwai mai auna yadda aka murɗa sitiyari, da mai auna yadda jikin motar yake juyawa. Duk suna aika saƙo ga kwamfuta sau da yawa a cikin sakan ɗaya. Idan direba ya taka birki da ƙarfi har wata taya ta nemi ƙamewa, sai na'urar ABS ta sassauta mata ta sake kamawa, ta yi ta maimaitawa, don tayar ta ci gaba da juyawa, sitiyari kuma ya ci gaba da aiki. Kamfanin Bosch ne ya fito da wannan na'ura a motocin Mercedes-Benz a 1978. A 1995 kuma kamfanonin biyu suka fito da ESP, wadda take gwada inda direba ya nufa da inda motar ta dosa, in ta ga saɓani ta taka wa taya ɗaya tak birki don mayar da ita kan hanya. Bugu da ƙari, Turbo S tana tura ƙarfi ga tayoyi huɗu, faɗin tayarta ta baya kuma milimita 315 ne, alhali ta 1964 milimita 165 ce.

A ilmin halittu akwai irin wannan. Idan hannu ya taɓa tukunya mai zafi, saƙo yakan tafi laka ya juyo zuwa tsoka, hannu ya janye tun kafin mutum ya san ya ƙone. Na'urorin nan su ne lakar motar: suna aiki kafin direba ya ankara. Haka kuma a cikin salansa akwai na'urar da take auna ragowar oksijin a hayaƙi, kwamfuta ta daidaita fetur a kan abin da ta gaya mata, kamar yadda wasu ƙwayoyi a jijiyoyin wuya da gindin ƙwaƙwalwa suke auna iskar da ke cikin jini su ƙara ko su rage saurin numfashi. An fara sa wannan na'ura a motar Volvo a 1976.

Ƙashi, Tsoka da Ranar Karo

Sau da yawa akan ji masu sha'awar tsofaffin motoci suna cewa motar da ƙarfe ce, ta yanzu kuwa gwangwani, da an taɓa ta sai ta lotsa. A nan ne ilmi ya saɓa wa abin da ido yake gani.

A kowane haɗari karo uku ake yi a jere. Mota ta bugi abin da ta buga ta tsaya. Jikin mutum, wanda yake tafe da gudun motar, ya ci gaba har ya bugi sitiyari ko gilashi. Sa'an nan kayan cikinsa su ci gaba, ƙwaƙwalwa ta bugi ƙoƙon kai, zuciya ta bugi ƙashin ƙirji, hanta da saifa su yage. Abin da yake yanke hukunci a kan girman rauni shi ne tazarar da jiki ya samu ya tsaya a cikinta.

Ga misali da ɗalibi zai iya bi da alƙalami. Gudun kilomita 50 a awa daidai yake da mita 13.9 a sakan, kuma shi ne gudun da mutum zai iso ƙasa da shi idan ya faɗo daga tsayin kusan mita 10. Idan jiki ya tsaya cikin tazarar santimita 10, ƙarfin da zai same shi ya kusa ninki 100 na nauyinsa, wato mai kilo 70 zai ji kamar an ɗora masa kusan tan 7. Idan kuwa ya tsaya cikin santimita 50, ƙarfin zai sauko zuwa ninki 20. Shi ya sa mai tsalle daga katanga yake lanƙwashe gwiwa idan ya dira, mai cafe ƙwallo kuma yake janye hannu baya.

Wani likitan sojan saman Amurka, John Paul Stapp, ya gwada iyakar jikin mutum a kan kansa. A watan Disamba na 1954 aka ɗaure shi a kan wani keke mai roka bisa dogo, ya kai gudun fiye da kilomita 1,000 a awa, aka tsayar da shi cikin sakan 1.4. Ƙarfin da ya same shi ya kai ninki 46 na nauyinsa. Jini ya taru a idanunsa har ganinsa ya ɗauke na ɗan lokaci, amma ya rayu, sai a 1999 ya rasu. Gwajin ya nuna cewa jiki yana jure ƙarfi mai yawa muddin an ɗaure shi sosai, an kuma baza ƙarfin a kan sassa masu ƙwari.

A kan wannan fahimta aka gina motar zamani. Injiniya Béla Barényi na Mercedes-Benz ya tsara mota mai ɗaki mai tauri a tsakiya, da gaba da baya waɗanda aka yi su don su lotse da gangan, aka kuma fara sayar da irinta a 1959. A shekarar ce Nils Bohlin na kamfanin Volvo a ƙasar Suwidin ya fito da bel mai maɗauri uku, wanda yake ratsa ƙashin ƙugu da ƙirji da kafaɗa, ya kauce wa ciki inda babu ƙashi. Daga baya aka ƙara jakar iska, wadda take cika cikin kimanin kashi uku bisa ɗari na sakan, ta tari kai da ƙirji. Motar 1964 ba ta da jakar iska ko ɗaya, ba a kuma san irin gwaje-gwajen karo na yau ba a lokacin da aka tsara ta. Ta 2020 tana da jakunkuna a gaba da gefe, da bel mai tsukewa da kansa a farkon karo. Wani kaso na ƙarin nauyinta na kilo 560 daga irin waɗannan kayan kariya ya fito. A 2009 wata cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 karo. Ɗakin direban tsohuwar ya murƙushe, na sabuwar kuwa ya tsaya da siffarsa. Lotsewar gaban mota, ashe, ita ce take sayen tazarar da jiki yake buƙata.

Abin da Yake Fita ta Salansa

Akwai mutanen da ba su taɓa shiga ko ɗaya daga cikin motocin nan ba, amma sun shaƙi hayaƙinsu. Tsohon inji mai kafireta ba ya ƙona fetur sarai, don haka yana fitar da iskar kabon-monoksaid da yawa. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana manne wa himogulobin na jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, ta hana jini kai oksijin ga ƙwaƙwalwa. Ita ce take kashe iyalan da suka kwana da janareto a kunne a cikin gida.

Sai kuma dalma. A 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano cewa wani sinadarin dalma yana hana fetur fashewa kafin lokaci a cikin silinda, daga 1923 kuma aka fara sayar da fetur mai shi. Irin wannan fetur motar 1964 ta sha. Dalma tana shiga jiki ta kwaikwayi sinadarin kalsiyam, ta zauna a ƙashi, ta hana haɗa himogulobin, ta kuma lalata ƙwaƙwalwar yara masu tasowa. Irin ɓarnar da take yi ta fito fili a jihar Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya masu dalma ta kashe yara aƙalla 400. A 1965 masanin kimiyya Clair Patterson ya nuna yadda dalmar da ke jikin mutanen zamaninsa ta yi wa ta mutanen da nisa, amma an ɗauki shekaru kafin a saurare shi. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina amfani da fetur mai dalma a farkon 2006, Aljeriya kuma ita ce ta ƙarshe a duniya, a 2021.

Sabuwar mota tana da matata a cikin salansa, mai siffar saƙar zuma, wadda aka shafa wa ƙarafa masu daraja irin su filatinam da faladiyam da rodiyam. Aikinsu irin na enzayim ne: suna hanzarta sauyin sinadarai ba tare da su kansu sun ƙare ba. Idan matatar ta yi zafi, takan mayar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na kabon-monoksaid da ragowar fetur da iskokin naitirojin masu guba zuwa abubuwa marasa guba. An fara sa ta a yawancin sababbin motocin Amurka a 1975, kuma da yake dalma tana kashe ta, zuwanta ya taimaka wajen korar dalma daga fetur. Sai dai akwai abin da matata ba ta iya yi. Kowace lita ta fetur tana haifar da wajen kilo 2.3 na kabon-dayoksaid, iskar da take kan gaba wajen ɗumamar yanayi. Turbo S ta 2020 tana shan kimanin lita 12 a kilomita 100 a gwajin hukuma, wato kusan kilo 28 na wannan iska.

Abin da Tsohuwar ta Fi

Adalci ne a faɗi abin da aka rasa. Tsohuwar motar tana magana da jikin direba. Sitiyarinta ba shi da mataimaki, don haka fatar tafin hannu tana jin yadda taya take riƙe da ƙasa. Ruwan da ke cikin kunnen ciki yana sanar da shi farkon zamewar baya, kunne kuma yana gaya masa lokacin sauya giya. Da maimaici, ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙeya takan adana waɗannan motsi, kamar yadda take yi wa mai koyon keke. Wannan ne abin da masu tara tsofaffin motoci suke biyan kuɗi masu yawa a kansa. Har ila yau ba ta da nauyi, kuma bakanike mai sifana da kunne mai kyau yana iya gyara ta, alhali sabuwar sai an jona mata kwamfuta.

Masu saye ma sun taka rawa irin ta makiyayi mai zaɓen bijimin da zai bari a garke. A 1977 kamfanin ya fito da Porsche 928 mai inji a gaba, da niyyar ta gaji 911. Jama'a suka ci gaba da neman 911, aka daina ƙera 928 a 1995. Ke nan kasuwa ce ta riƙe siffar, doka da ilmi kuma suka sauya abin da ke cikinta.

Sashen da Bai Sauya Ba

Cikin shekaru 56 da suka raba motocin biyu, abu ɗaya ne injiniya bai taɓa ba, shi ne mutum. Saƙo a cikin jijiyarsa mafi sauri ba ya wuce mita 120 a sakan. A ɗakin gwaji, daga ganin haske zuwa danna maɓalli yakan ɗauki kwatan sakan. A kan titi kuwa, inda sai ya gane abin da ya gani ya yanke shawara ya ɗaga ƙafa, yakan ci sakan ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A cikin sakan ɗaya, mota mai gudun kilomita 100 a awa ta shafe mita 28, mai 210 ta shafe mita 58, mai 330 kuwa mita 92, kusan tsawon filin ƙwallo, duk kafin a taɓa birki.

Daɗin daɗawa, kuzarin motsi yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu, wato in gudu ya ninka biyu, kuzarin ya ninka huɗu. A ƙarshen gudunsu, sabuwar motar tana ɗauke da kuzarin da ya kusa ninki huɗu na na tsohuwar. Gashi kuma ba ta girgiza, ba ta gargaɗin direba kamar kakarta, don haka yana iya yin gudun da jikinsa bai sanar da shi ba. Jakar iska da bel kuwa na wanda yake ciki ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna mutum miliyan 1.19 suke mutuwa a haɗarin hanya a shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29, wato tsaran ɗaliban da aka shirya wa wannan darasi.

Kammalawa

An ga yadda 911 ta tashi daga doki 130 zuwa 650, ta sami ɗurin iska, da zagayen ruwa, da jijiyoyin saƙo, da jiki mai lotsewa don kare na ciki, da matatar hayaƙi. Ɗalibin da ba zai taɓa tuƙa irinta ba ma yana da rabo a darasin, domin lissafin tazarar tsayawa da na sakan ɗaya yana aiki a kan tasi da bas da babur, kuma bel ɗin da Bohlin ya tsara yana rage haɗarin mutuwar mazauna kujerar gaba da kusan rabi a kowace irin mota.

Aikin Aji

1. Lita ɗaya ta fetur ba ta kai kilo ɗaya ba, amma tana haifar da kilo 2.3 na kabon-dayoksaid. Daga ina ƙarin nauyin ya fito?
2. A lissafa mita nawa babur mai gudun kilomita 60 a awa zai shafe cikin sakan ɗaya da rabi, sa'an nan a auna wannan tazara a filin makaranta.
3. Ɗalibi ɗaya ya riƙe rula a tsaye, wani ya buɗe yatsu biyu a gindinta. A sake ta ba sanarwa, a rubuta santimita nawa ta faɗo kafin a cafe. A maimaita gwajin yayin da mai cafewa yake amsa tambayoyin lissafi da baki, a kwatanta sakamakon biyu.
4. A zana injin babur, a nuna haƙarƙarinsa, a kuma kawo sassa uku na jikin mutum ko dabba da suke amfani da faɗin fuska.